Rim Ɗin Da Na Ce Maka Lafiya Lau Ne

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka sauka Katsina lafiya, ka kuma kama aikin koyarwar da ka tafi dominsa cikin sa'a. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare fitarka da shigarka, Ya raba ka da sharrin hanya da na masu tare ta. Mu nan Batsari muna lafiya gwargwado. Mahaifiyarka tana gaishe ka da kyau.

Da layin waya yana nan, da ban wahalar da yatsuna da biro ba. To tun da aka yanke shi, dole na koma takarda, zan kuma ba direban a-kori-kurar da ke kai wake Katsina ya miƙa maka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma da gemuna.

Ba labarin gari zan ba ka ba, magana ɗaya ce ta sa na zauna. Ka yi wa mahaifiyarka alkawarin za ka taho gida a kan kekenka ranar Juma'ar farko ta sabon wata. Kada ka hau keken nan ka kamo hanyar Batsari sai ka canja rim ɗin ƙafar baya, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kansa. Ko a cikin gari ma, in da hali ka jingine shi ka taka da ƙafa. Ka san hanyar nan yadda ta zama. Wanda ƙafar kekensa ta fashe a tsakanin ƙauyuka ba mai tsaya masa, ba kuma wayar da zai kira kowa. Na san za ka ce ai ni da bakina na ce maka lafiya lau ne. Haka ne, na faɗa, kuma abin da nake so in janye ke nan.

Ka tuna safiyar da za ka tafi. Ka turo keken nan naka na gwanjo zuwa rumfata, mai siririyar taya da kai lanƙwashe kamar ƙahon rago, abokanka biyu suna biye da kai. Ka ce, “Baba, a duba mani ƙafafun nan kafin a ɗora shi a mota.” Na juya ƙafar gaba, tana tafiya sak. Na juya ta baya, ita ma ba ta rawa. Sai na bi gefen rim ɗin da babban yatsa, wurin da robar birki ke kamawa, na ji ya loɓa ciki, ya yi ɗan kwari zagaye da ƙafar. Baƙin launin nan da ya burge ka duk ya goge a wurin, ƙarfen ya yi fari tas. A raina na ce, kai Turawa da dabara, sun yi wa robar birki makwanci. Abokanka suna kallona, ana jiran hukuncin Malam Sada mai keke, wanda ya shekara arba'in yana wannan sana'a. Na buga sirdin da tafin hannu na ce, “Lafiya lau ne, zai kai ka Kano ya dawo da kai.” Gaskiyar magana ban taɓa kwance irin wannan ƙafa ba, kunyar in ce ban sani ba a gaban yara ce ta kama ni.

Kwana uku da tafiyarka sai ga Malam Bishir, malamin asibitin nan mai zagaya ƙauyuka da allurar rigakafi. Tun da aka hana babura shiga wasu wurare, man ma ya gagara, shi ma ya koma keke irin naka. Ya iso rumfata yana ɗauke da shi a kafaɗa, gwiwar wandonsa a yage, tafin hannunsa duk a kuje. Na ce, “Malam, sannu, ƙaya ce?” Ya ce, “Ina fa ƙaya, Baba. Ina gangarowa daga wajen Wagini, na ɗan taɓa birki, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Na zaci mutanen nan ne, har na fara salati. Ashe ƙafar baya ce.” Da na karɓa na duba, ban taɓa ganin irin wannan ɓarna ba. Gefen rim ɗin ne ya ɓalle ya nannaɗe waje, tsawon kamu guda, tib ya leƙo ta wurin ya fashe, ƙarfen da ya ɓalle ya sarƙe a birki, ƙafar ta tsaya cak. Allah Ya taimake shi ba mota a bayansa.

Ka san ni da bin diddigi. Mahaifiyarka takan ce da za a bar ni, da na buɗe cikin rediyon gidan nan don in ga masu maganar. Na roƙi Malam Bishir ya bar mani mataccen rim ɗin, na sa zarto na yanka shi gida uku. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Ashe cikinsa rami ne, bango biyu ne da shi, ɗaya a kan ɗaya, shi ya sa ba shi da nauyi amma ba ya lanƙwasa da wuri. Wannan dabara ce mai kyau, na yaba wa wanda ya yi ta. Amma gefen da birki ke gogawa ya siɗe har ya koma kaurin reza, alhali sama kaɗan, inda roba ba ta kaiwa, yana nan da kaurinsa. Na sa babban yatsa a wurin da bai ɓalle ba, na ji kwarin nan, irin wanda na ji a naka sak. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ga inda na ɓata. Kekunan da na girma a kansu rim ɗinsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan ƙyalli. A wannan, roba ce ke cinyewa, ƙarfe yana nan daram. Tsatsa ke kashe shi, ko rami, amma ban taɓa ganin wanda birki ya cinye ba. Naku kuwa alminiyam ne, ɗan uwan tukunyar da mahaifiyarka ke dafa tuwo. Ƙarfe ne mai laushi. Robar birki tana kwasar yashi ta riƙe, duk matsawar da ka yi tana kankare shi kaɗan kaɗan, ga iska mai ƙarfi a cikin siririyar tayar tana tura shi waje. Don haka kwarin nan ba wanda ya ƙera shi, shekarun da wani ya yi yana hawa a can ƙasarsu ne suka haƙa shi. Ka ciro ƙafar, ka ɗauki rula a ajinku, ka gicciya bakinta a gefen rim ɗin, ka ɗaga wajen rana. In haske ya ratsa tsakanin rula da ƙarfe sosai, rim ya gama aiki. Wasu kuma suna da ɗan siririn layi ko ɗigo da aka haƙa a gefen. Na ga ragowarsa a na Malam Bishir, ya ce an gaya masa in layin ya ɓace to lokacin canji ya yi. Duk wanda za ka saya, sabo ko na hannu, ka yi masa wannan gwaji a gaban mai shagon.

Yanzu ga maganar launi. Na ji ka kana gaya wa abokanka cewa in ka samu hali, baƙi mai sheƙi za ka saya, wai an ce an shafe shi da wani abu da ke sa ya daɗe. Kafin in faɗi abin da na gani, bari in ba ka labarin wautar da na yi da shafe-shafe, don ka san bakin da ke ba ka shawara.

Kekena na farko na saye shi muna Wagini, shekarar da gyaɗa ta yi kyau, tun ban auri mahaifiyarka ba. A lokacin al'adarmu ita ce ba a cire wa sabon keke takardar da aka naɗo shi da ita. Sai ma a ƙara naɗe shi da leda mai launi, a sa masa geza a kai. Ni sai na fi kowa zaƙewa. Tsoron tsatsa ya sa kullum da safe nake shafe rim ɗin da baƙin mai, gaba da baya, har da gefen da birki ke kamawa. Yana ta ƙyalli, 'yan mata suna kallo, ni kuma ina ɗaga kai. A cikin gari ban lura da komai ba, don ba gangara, kuma ƙafa nake sa wa ƙasa in tsaya. Rannan na ɗaura rabin buhun wake zan kai kasuwar Runka, an yi yayyafi da safe. Na iso gangaren wani rafi, sai ga garken shanu suna tsallakawa. Na matse birkin baya, keke ko a jikinsa. Na haɗa da na gaba, sai ma ya ƙara gudu. Na ratsa tsakanin shanu biyu, na daki wata karsana a cinya, na tashi sama na sauka da baki a bakin rafin, wake ya watse cikin laka. Tsohon Bafulatanin da ke kiwon ya zo ya tsaya a kaina, ya jingina da sandarsa ya ce, “Samari, kai da keken nan wa ke tuƙa wani?” Haƙorin nan nawa na gaba da ka sha tambayata kana ƙarami, nake ce maka ƙashi na tauna, a rafin nan na baro shi.

Abin da na koya shi ne gefen da birki ke kamawa ba wurin ado ba ne. Ƙarfe tsirara ake so a wurin, busasshe, mai tsabta. Kada mai ya taɓa shi, kada a goge shi da tsumman da aka goge sarƙa, kada a fesa masa abin sheƙin nan na masu wankin mota. In ka ga rim da aka lulluɓe shi da fenti har gefen, ka sani birkinsa zai riƙa kuka yana zamewa, fentin kuma ya liƙe wa robar. Ka nemi wanda aka goge gefensa fari sumul tun daga masana'anta.

Wauta ta biyu ta fi wannan nauyi, don ba ni na ji ciwon ba. Ka san Baba Tanko na Babban Duhu, abokina tun muna samari, wanda ke jagorantar addu'a a majami'arsu. Wata shekara ana gab da Kirsimeti ya kawo mani kekensa ya ce in gyara masa shi ya fito kamar na mutane, don zai zagaya ƙauyuka gaisuwa. Rim ɗin baya ya yi jajaja da tsatsa. Na goge shi da yashi da tsumma, na sayo fenti ruwan azurfa na shafe shi sau biyu. Ban cire tayar ba, don ina sauri, mutane sun yi layi. Da ya zo ɗauka ya zagaya keken yana murmushi ya ce, “Sada, wanga aiki ya yi. Ko sabo albarka.” Na ji daɗi ƙwarai. Ashe duk daminar da ta wuce ruwa yana shiga ta ramukan sifok, wayoyin nan da ke riƙe ƙafa, yana kwana a ciki ƙarƙashin tib, tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki. Sati biyu bayan nan ya goyo matarsa, ya faɗa wani ɗan rami da bai kai komai ba, sifok huɗu suka zare da naman ƙarfen gaba ɗaya, ƙafar ta naɗe. Matar ta dafa ƙasa da hannu, ta karye a wuyan hannu.

Da na je gaishe su, Tanko ya jawo ni bayan rumbu, ya nuna mani ƙafar, fentin yana nan yana sheƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Sada, da ka shafa, ka duba ciki kau?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “To, shi ke nan. Mu je ka sha ruwa.” Bai sake tayar da maganar ba har yau, zumuncinmu kuma bai ragu ba. Amma hannun matar bai koma daidai ba, ba ta iya riƙe taɓarya da shi. Duk sanda na je gidan ta miƙo mani ƙwarya da hagu, kunya takan rufe ni.

Don haka kada ka sayi rim da taya a jikinsa. Ka sa a cire tayar, a ɗaga ƙyallen da ke rufe kan sifok, ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Abin da kake nema tsaga ce siririya kamar gashi, tana fita daga bakin rami. A farin rim tana fitowa baƙa, ido yana kama ta. A baƙin rim kuwa ɓuya take yi, sai ka goge ƙurar ka karkata shi wajen haske. Ka kuma yi hattara da masu gwanjo. Ba duka ba, amma akwai mai fesa wa tsohon rim baƙin fenti ya rataye shi cikin sababbi. Ka karce shi da makulli a inda taya za ta rufe. In ya ɓare ɓawo-ɓawo, fenti ne, sai ka tambayi kanka me aka rufe. Ba zan zage su da yawa ba, tun da ni ma na taɓa yi.

To amma baƙin da ke jikin na Malam Bishir ba fenti ba ne, wannan kuma shi ya hana ni sakat. Na sa wuƙa na kankara, bai ɓare ba, sai ɗan gari yake fitarwa, da ƙyar na kai ga farin. Launin ya shiga fatar ƙarfen ne, yadda baba ke shiga zare a marina. Yaya ake rina ƙarfe? Na tambayi maƙerin da ke bayan kasuwa, ya juya guntun a hannu ya lasa, ya ce shi dai bai gaji wannan ba. Na jiƙa guntu ɗaya a ruwan gishiri kwana uku, tare da guntun tsohon rim irin namu. Namu ya fito ja wur. Wancan kuwa baƙin bai canja ba, farin da zarto ya yanka ma ɗan dusashewa kawai ya yi. Mahaifiyarka ta tarar da su a kwanon da take jiƙa tsamiya, abin da ta faɗa ba zai shiga takarda ba.

Ga abin da na fahimta, gwargwadon kaina. Wannan ƙarfe ba ya tsatsa irin ta namu, da launi ko babu, balle a ƙasarmu da rani ya fi damina tsawo. A jikin rim, inda ba abin da ke gogarsa, rinin zai zauna ya yi kyau, ba ruwana da shi. A gefen birki kuwa ba ya daɗewa, ka ga naka, ka ga na Malam Bishir, duk sun koma fari, kuma rinin bai hana su siɗewa ba. Malam Bishir ya ce akwai wani iri na uku da ya ji labari, wanda ake shafe gefen da wani abu mai kaushi kamar dutsen wasa wuƙa. Wai shi yana daɗewa da gaske, yana kuma kama birki ko cikin ruwa, sai dai yana da tsada, yana cin roba, kuma roba tasa daban ce. Ban gan shi da idona ba, kuma na tuba da yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Abin da zan ce kawai, in robarsa ta ƙare kana Batsari, wa zai sayar maka? In ka ci karo da shi a Katsina ka taɓa mani shi da yatsa, ka tambayi yadda ake yin sa. In an samu mataccensa da aka yar, ka aiko mani da guntu, zartona yana nan.

Ka ga ke nan inda maganar launi ta tsaya. In fari da baƙi suna gabanka, ingancinsu ɗaya, ɗauki wanda ranka ke so. In an ce ka ƙara wani abu saboda launin, bar musu, ka sa abin a roba mai kyau. Akwai ma aikin da ya fi kowane shafi tsawaita ran rim, kuma kyauta ne. Duk sati ka ciro robobin birki, ka sa tsinke ko bakin allura ka tsince yashi da ɓurɓushin ƙarfen da suka nutse a ciki, ka wanke gefen rim da ruwa da sabulu. In ka matsa birki ka ji yana ƙarar niƙa, tsaya a nan ka duba, ƙafarka ce ake niƙawa.

Saura wauta ta uku, ita ko sati ba ta yi ba, don kada ka zaci tsufa ya warkar da ni. Faɗuwar da Malam Bishir ya yi ta sa ƙafar gaban kekensa ta ɗan loɓa a wuri ɗaya. A irin kekunanmu wannan ba komai ba ne. Kwantar da rim ake yi a kan kututture, a sa guduma a daddake shi ya koma, wani lokaci ma hawa kai nake yi da ƙafa biyu. Na ce masa, “Wannan kam aikina ne, zauna ka gani.” Bugu na farko ya ɗan motsa. A na biyu na ji ƙas, tsaga ta ratsa shi. Na tsaya da guduma a hannu. Malam Bishir ya dube ni ya dubi ƙafar ya ce, “Baba, da ƙafa ɗaya na zo jinya, yanzu an sallame ni ba ko ɗaya.” Ya yi dariya, ni ban iya ba. Na tura masa nawa keken na ce ya riƙa zagayensa da shi har a samo masa wasu, yara ba za su rasa allura saboda gudumata ba. Yanzu da ƙafa nake zuwa rumfa, gwiwoyina suna gaya mani ra'ayinsu.

Saboda haka kada ka bar kowa ya kusanci ƙafarka da guduma, ko da ya kai ni furfura. Alminiyam ba ya son a lanƙwasa shi a mayar. In ƙafa tana rawa, da ɗan makullin sifok ake bin ta, a ɗaure nan kaɗan a sassauta can kaɗan, da haƙuri. In ta loɓa sosai, ta tafi ke nan.

Da za ka zaɓi sabon, ga abin da nake so ka duba, ban da abin da na riga na faɗa. Ya zama mai bango biyu. In ka leƙa ta ramin da bawul ke fitowa, wato bakin da ake hura iska, za ka ga hawa biyun. Ka ƙirga ramukan sifok, su zo daidai da na tsakiyar ƙafarka. In ƙafar gaba ɗaya za ka canja, nemi mai talatin da biyu ko talatin da shida. Na ga hoton masu sifok 'yan kaɗan a wayar abokinka, suna da kyan gani, amma waɗannan na masu tsere ne da mota ke bin su a baya da wata ƙafar. Kai littattafan yara za ka ɗauka, wata rana da ƙullin garin masara. Mai sifok da yawa in ɗaya ya tsinke zai kawo ka gida a hankali. In ka samu wanda aka sa wa ƙananan zobba a bakin ramukan, ya fi, don suna raba wa ƙarfen nauyin ja. Ka laluba mahaɗin, inda bakin rim biyu suka haɗu, kada farcenka ya sarƙe. Kada ka bi mafi rashin nauyi, ɗan nauyin nan kaurin bango ne, shi za ka daɗe kana ci. In kuma akwai mai ɗan faɗi da zai karɓi taya mai kauri, matuƙar za ta shige jikin keken ba ta gogar ƙarfe ba, ɗauke shi. Ramukan hanyarmu ba su san siririyar taya ba.

Wanda zai ɗaura maka shi ma ka zaɓe shi kamar yadda ka zaɓi rim ɗin, don rim mai kyau a hannun mai gaggawa ba ya shekara. Ka zauna ka ga yadda yake yi wa wani aiki. Ka yi masa tambayar da kake zaton ta fi ƙarfinsa. In ya ce maka bai sani ba, to shi ne mutuminka, ba shi aikin. In ya buga sirdi ya ce lafiya lau ne tun bai cire taya ba, ka gaishe shi da ladabi ka tura kekenka gaba.

Na san abin da wannan takarda take nufi. Ba a yi maka albashin farko ba, kuɗin mota kuma ka san inda ya kai, don haka in ba keke, ba zuwa. Ni ma ina son ganinka, ba zan ɓoye ba. Rumfar nan ta yi mani faɗi tun da ka tafi. Amma wadda na fi jin nauyin gaya wa ita ce mahaifiyarka. Kwana biyu ina ɗauke da maganar a ciki. Jiya da la'asar na same ta a tsakar gida tana watsa wa wani jan zakara dawa. Ta ɗaure shi da igiya a gindin turmi tun ranar da ka tafi, tana kiwata shi don Juma'ar da za ka zo. Na zauna na gaya mata komai, har da abin da na ce a gaban abokanka. Na ɗauko guntun rim ɗin na sa mata a hannu. Ta taɓa bakin da ya siɗe, ta daɗe tana murza shi.

Ta ce, “Irin wannan ne a ƙarƙashin Nasiru?”

Na ce, “Irinsa ne.”

“Kuma kai ka ce mashi lafiya lau?”

Na ce, “Ni na ce.”

Na jira faɗa, ban samu ba, kuma da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta miƙo mani guntun ta ce, “To rubuta mashi. Ka ce ni na ce kar ya zo. Alkawarin da ya yi mani na yafe. Ko wata uku ne ya zauna, in dai a kan wannan ƙafar zai taho, ban son ganin shi.” Sai ta tashi. Ta je gindin turmin ta durƙusa, ta kwance wa zakaran igiya, ta kore shi cikin sauran kaji.

Ga saƙonta na isar, ka kuma san ba ta magana biyu.

Allah Ya tsare mana kai a inda kake, Ya sa albarka a aikinka, Ya hore maka abin da za ka gyara abin hawanka. Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, Ya buɗe hanyoyinmu. Ranar da Ya nufa ka taho, Ya kawo ka ƙofar gidan nan da ƙafafunka, lafiya. Ka gaishe da mai gidan da ka sauka da iyalinsa. Ka yafe wa mahaifinka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sada mai keke, Batsari.